Alfadarar da ta gudu da kaya: tambayoyi da amsoshi kan fim ɗin María, llena eres de gracia

Da zarar an ce fim ɗin ƙwaya daga Kolombiya, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne wani ƙasurgumin attajiri mai gashin baki, da yaransa riƙe da bindigogi, da jakunkuna shaƙe da dala. Wannan fim ba shi da ko ɗaya daga ciki. Sau uku na kalle shi, kuma kowane karo sai na tsinci hannuna a kan maƙogwarona ban san lokacin da ya kai can ba. Waɗanda na ba su shawarar kallonsa sun yi ta dawo mini da tambayoyi, shi ya sa na tattara su a nan. Daga tambaya ta shida na fara tona labarin, don haka wanda bai kalla ba, kuma ba ya son a rage masa zaƙi, sai ya dakata a ta biyar.

1. Wane fim ne wannan, kuma wa ya yi shi?

Ya fito a 2004. Wanda ya rubuta shi, ya kuma ba da umarni, wani Ba'amurke ne, Joshua Marston, kuma shi ne dogon fim ɗinsa na farko. Kamfanin HBO Films na cikin waɗanda suka ɗauki nauyinsa. Tsawonsa minti 101, kuma kusan duk maganar da ke ciki da Sifaniyanci ake yin ta, sai ɗan Turancin da ake ji a bakin jami'an kwastan. A kasuwannin masu jin Turanci an sayar da shi da sunan Maria Full of Grace, wanda da shi za ka fi saurin samunsa idan kana nema. Kuɗin da aka kashe wajen haɗa shi bai wuce dala miliyan 3 da wani abu ba, abin da wani fim ɗin Amurka zai ƙone a fage guda na hatsarin mota.

2. Me sunan yake nufi?

Ma'anarsa: Maryamu, ke cikakkiyar alheri ce. Kalmomin an ɗauko su ne daga addu'ar da mabiya ɗarikar Katolika ke yi kullum, wadda ta fara da gaisuwar da Mala'ika Jibrilu ya yi wa Nana Maryam kamar yadda Linjilar Luka ta kawo. A Kolombiya, inda Katolika suka fi yawa, ko yaro ya haddace ta.

Marston ya yi wasa da kalmar "cika". Yarinyar da ke cikin fim ɗin sunanta María, kuma cikinta a cike yake ta hanya biyu: tana ɗauke da juna biyu, tana kuma ɗauke da ƙwaya. Hoton tallar fim ɗin ma haka ya bi. An nuna ta ta ɗaga fuska sama, wani hannu na miƙo mata farin ƙulli, daidai yadda limamin coci ke miƙa wa masu ibada gurasar tarayya. A ƙasa an rubuta cewa an gina fim ɗin a kan labaran gaskiya dubu.

3. A taƙaice, menene labarin?

María Álvarez 'yar shekara 17 ce, tana zaune a wani ƙaramin gari kusa da Bogota, a gida ɗaya da kakarta da mahaifiyarta da yayarta Diana mai goyon jariri. Aikinta cire ƙaya daga furen wardi a wata katafariyar gonar fure. Albashinta shi ke riƙe da gidan. Ta samu ciki da saurayinta Juan, wanda ba ta so, shi ma ba ya son ta. Ta yi faɗa da ogan aiki ta ajiye aikin. A kan hanyarta ta zuwa Bogota neman aikatau, wani matashi mai babur, Franklin, wanda ta haɗu da shi a wurin rawa, ya ce mata akwai aikin da ya fi wannan kawo kuɗi, tafiya ce kawai. Tafiyar kuwa zuwa New York ce, da muguwar ƙwayar nan hiroyin a cikinta.

4. Tana da aikinta, me zai kai ta ga wannan kasada?

Wannan ce tambayar da aka fi yi mini, galibi da ɗan fushi. Kuma fim ɗin ya ɗauki kusan kashi ɗaya cikin uku na lokacinsa yana amsa ta ba tare da wani ya tsaya ya yi jawabi ba.

Akwai fagen da laulayin ciki ya taso mata a wurin aiki. Ta roƙi izinin zagayawa, ogan ya hana, yana lissafa mata yawan furen da ba ta cika ba. Amai ya kufce mata a kan furannin. Sai ya sa ta wanke su. Akwai kuma fagen kantin magani, inda jaririn yayarta ba shi da lafiya, uwa da yaya suka tsare ta a gaban mai kanti sai ta fito da ɗan abin da ta ɓoye wa kanta. Ba yunwa ake yi a gidan ba, kuma wannan ne ya sa labarin ya fi cizo. María ba ta rasa abinci ba, numfashi ta rasa. Tun farkon fim an nuna ta ta haye rufin wani gini, tana ce wa Juan idan yana son ta ya hawo. Bai hawo ba, ya juya ya tafi. Yarinya ce mai taurin kai da rawar kai, wadda garin ya yi mata kaɗan.

Gonar furen ma ba a banza aka zaɓe ta ba. Kolombiya ce ta biyu a duniya wajen fitar da fure, bayan Holan, kuma mafi yawansa Amurka yake tafiya. Filayen da ke kewaye da Bogota, mita 2,600 sama da teku, cike suke da rumfunan leda, mafi yawan ma'aikatansu mata. A 1991 Amurka ta yi dokar da ta ɗauke haraji daga kayayyaki da dama na ƙasashen yankin tsaunukan Andes, har da fure, da nufin mutane su samu abin yi su bar harkar ƙwaya. To ga fim yana nuna maka yarinyar da ta fito daga wannan sana'a ta ceto ta faɗa wancan ramin. Ko ta tsaya ko ta tafi, kayan da Amurka za ta saya take ɗawainiya da su.

5. Me ya sa ake kiran su alfadarai?

Kalmar da ake amfani da ita a Kolombiya ita ce mula, wato alfadara. Dabbar da ake ɗora wa kaya, ba ta san na wane ne ba, ba ta san nawa za a sayar ba, idan ta faɗi a hanya a sauke kayan a ɗora wa wata. Sunan ya faɗi matsayinsu a harkar. Su ne na ƙarshe a layi, su ne kuma na farko a hannun hukuma. Masu kayan sukan tura mutum uku ko huɗu a jirgi guda, da lissafin cewa idan aka kama ɗaya, hankalin jami'ai zai koma kanta sauran su wuce. Fim ɗin ya faɗi wannan ƙarara, kuma haka ta faru a ciki: su huɗu ne a jirgin, María, da ƙawarta Blanca, da Lucy wadda ta taɓa yin tafiyar har sau biyu, da wata da ta ɗan manyanta, Constanza.

6. Kowa na maganar fagen haɗiya. Me ke cikinsa?

Lucy ce ta fara koya mata, da manyan 'ya'yan inabi. Ki haɗiye ba tare da haƙori ya taɓa ba. María ta koma gida ta kulle kanta tana gwadawa, tana shaƙewa, hawaye na zuba.

Ranar tafiya aka shigar da ita wani ɗaki a bayan kantin magani. Wani mutum na zaune yana ɗura fari a cikin roba yana ɗaurewa, hankalinsa kwance kamar mai ƙulla gyaɗa. Ubangidan harkar, Javier, dattijo ne mai sanyin murya, irin wanda za ka gaisar da ladabi idan kun haɗu a layi. Ya ajiye kwano a gabanta. Ƙulli na farko ya ƙi wucewa, ta dawo da shi. Ya ce ta sake. Kyamara ba ta kau da kai ba, babu kiɗan da zai ɗauke maka hankali, sai ƙarar maƙogwaro. Can ya sa ta kwanta, ya dinga danna cikinta a hankali yana jera ƙullin don a samu wurin wasu, bai san akwai ɗa a wurin da yake dannawa ba. Ta haɗiye 62.

Kafin ta fita, cikin wannan sanyin muryar, ya sanar da ita cewa sun san adadin abin da ke cikinta da nauyin kowane ɗaya. Idan ko ɗaya ya ɓace, za su je gida su yi hira da kakarta, da mahaifiyarta, da yayarta, da jaririn, har sunan jaririn ya ambata. Ban taɓa ganin barazanar da ta fi wannan sanyi a fim ba. Mutumin ko murya bai ɗaga ba.

7. Mutum zai iya ɗaukar wannan adadi da gaske, ko ƙarin gishiri ne?

Babu ƙari. Likitoci sun san wannan matsala tun shekarun 1970, kuma abin da suka saba gani shi ne ƙulli 50 zuwa 100 a cikin mutum ɗaya, kowane ɗaya kimanin giram 8 zuwa 10, jimilla har ta kan kai kilo guda. Abin da ke cikin ƙulli ɗaya tak ya ninka abin da zai kashe mutum. Idan na hiroyin ne ya fashe, numfashi yakan yi ta raguwa har ya tsaya, sai dai in an kai mutum asibiti da wuri an yi masa allurar da ke karya dafin, wadda ake kira naloxone. Idan na hodar iblis ne, babu makari, sai tiyatar gaggawa. Wani lokaci kuma ba fashewa ba ce, hanji ne ke toshewa.

Zaɓen hiroyin ma ya dace da lokacin. Bayan an kashe ƙasurgumin dillalin ƙwaya Pablo Escobar a Medellin a Disambar 1993, aka kuma kama shugabannin gungun masu safarar ƙwaya na birnin Cali a 1995, harkar ta tarwatse zuwa ƙananan ƙungiyoyi irin ta Javier, marasa suna, marasa hayaniya. A waɗannan shekarun hiroyin ɗin da ake nomawa a tsaunukan Kolombiya ita ta mamaye kasuwar gabashin Amurka, New York a kan gaba. Tana da tsada ƙwarai a kan nauyinta, shi ya sa abin da ciki ɗaya zai ɗauka ya isa ya biya tikiti da fasfo da ladan alfadara, riba mai yawa ta rage.

8. Ta yaya ta tsallake kwastan?

Da ƙyar, kuma ba da wayonta ba. Tun a jirgi abubuwa suka fara lalacewa. Lucy ta fara jin jiri. Ita kuma María ƙulli ya fito mata a banɗakin jirgi, ta tuna maganar Javier, ta wanke shi, ta shafa masa man goge baki, ta sake haɗiyewa. Na san mutum biyu da suka kashe fim ɗin a daidai nan suka ce sai gobe.

Da sauka jami'ai suka ware ta. Amsoshinta ba su haɗu ba: ta ce wurin 'yar'uwarta ta zo, amma ba ta da wani wurin zuwa idan ba ta same ta a gida ba, ga dala 800 a hannun yarinyar da ta ce aikin fure take yi. Suka ce za su ɗauki hoton cikinta, ta sa hannu. Gwajin fitsarin da ake yi kafin hoton ya nuna tana da juna biyu, kuma ba a haska mai ciki da wannan na'ura saboda ɗan tayi. Suka sake ta, ba don sun yarda da ita ba. Tana fita ta hangi Constanza da ankwa a hannu.

Wani ya tambaye ni ko doka ba ta ba su damar tsare ta har sai ta yi bayan gida ba. Ta ba su. A 1985 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci kan wata 'yar Kolombiya da ta sauka a Los Angeles daga Bogota, aka tsare ta awa 16 kafin a nemi izinin kotu, daga baya ƙulli 88 na hodar iblis suka fito daga cikinta. Kotun ta ce tsarewar halal ce matuƙar akwai ƙwaƙƙwaran zato. Don haka sakin María sa'a ce da fim ya ba ta, ba ƙa'ida ba ce.

9. An ce fim ne na gudun tsira. Ina gudun ya shigo?

A kashi na ƙarshe, kuma ba irin gudun da ka saba gani ba ne. Wasu samari biyu suka kwashe su uku daga filin jirgi zuwa wani ƙaramin otal a New Jersey, suka ba su maganin gudawa, suka zauna gadi suna kallon talabijin. Kowace ta fitar da nata, ta wanke, a ƙirga. Jikin Lucy kuwa sai ƙara rikicewa yake, ƙulli ya fashe a cikinta. María ta roƙi a kira likita, ko kallonta ba su yi ba. Cikin dare ta farka ta ga suna fita da Lucy a naɗe. Ta leƙa banɗaki, baho duk jini. Sun farke ta sun kwashe kayansu.

Ta tashi Blanca, suka suri ƙullinsu suka fice. Daga nan fim ya koma labarin 'yan mata biyu da ba su jin Turanci, ba su san gabas ba su san yamma ba, ɗauke da kayan da zai iya kai su kurkuku shekaru, ko ya sa a je gidan iyayensu a yi waccan hirar. Gaba kura, baya sayaki. Babu motar da ta bi su a guje, babu harsashi ko ɗaya. Abin da María ke da shi adireshi ne guda, na Carla, yayar Lucy, a unguwar Jackson Heights ta yankin Queens, inda 'yan Kolombiya suka yi sansani.

Nan ne fim ya fi nauyi a wurina. Carla, ita ma da tsohon ciki, ta buɗe wa baƙuwa ƙofa saboda ta ce ita ƙawar ƙanwarta ce. Ta ba ta wurin kwana a ɗan matsattsen gidanta, tana tambayar lafiyar Lucy, María na cewa tana nan ƙalau a gida. Lucy ta taɓa gaya wa María cewa sau biyu tana zuwa New York, tana isa har ƙofar gidan yayarta, kunya ta hana ta ƙwanƙwasawa. Yanzu ga wadda ta san gawarta na wani wuri a yashe tana cin abinci a teburin gidan. Ƙaryar nan ta fi ƙullin 62 wuyar haɗiya, kuma ranar da ta fito Carla ta kore su.

10. Me ya hana su sayar da kayan su ɓace, ko su kai wa 'yan sanda?

Wa za su sayar wa? Ba su san kowa ba. 'Yan sanda kuma na nufin kurkuku, sannan a mayar da su gida, inda Javier ke jira. Gudun da suka yi ba dabara ba ce, firgici ne, kuma Blanca ba ta daina gaya wa María hakan ba. A ƙarshe María ta kira samarin da kanta, suka mayar da kayan cif. Samarin suka so su tafi ba su biya ba, ta tsaya kai da fata sai da suka jefo musu kuɗinsu. Wani ɓangare na nata ta bayar don a kai gawar Lucy gida.

11. Wane ne Don Fernando? Kamar ba ɗan wasa ba.

Ba ɗan wasa ba ne. Mutumin nan mai ƙiba da fim ɗin ke nunawa zaune a ɗan ƙaramin ofishi, jama'a sun yi layi, wannan na neman aiki, wancan na neman ɗaki, sunansa na gaskiya Orlando Tobón, kuma kusan kansa ya fito. A lokacin da aka yi fim ɗin yana da ofishin sayar da tikitin jirgi da cike takardun haraji a Jackson Heights, har ana yi masa laƙabi da magajin garin Ƙaramar Kolombiya. Shekara da shekaru yana bin gawawwakin alfadaran da suka mutu babu mai nema, yana gano danginsu, yana tara gudummawa a mayar da su gida a binne. An ƙiyasta ya yi wa sama da gawa 400 wannan hidima. Marston ya zauna a ofishinsa yana kallon yadda yake aiki, sai ya sake rubuta labarin ya saka shi, aka kuma sanya sunansa cikin masu shirya fim ɗin.

Duk wanda ya taɓa sauka a zango a wata ƙasa ya san irin wannan mutum. Shi ne mai masaukin da ake kai wa baƙo, shi ake kira idan wani ya rasu ba a san danginsa ba.

12. Wace ce jarumar?

Catalina Sandino Moreno, haifaffiyar Bogota a 1981. Tana karatun harkar talla a jami'a, tana ɗan koyon wasan daɓe a gefe, aka zaɓe ta daga cikin ɗaruruwan 'yan matan da aka gwada. Ba ta taɓa fitowa a fim ba kafin wannan. A bikin fina-finai na Berlin na 2004 ta raba kyautar gwarzuwar jaruma da Charlize Theron. A 2005 ta shiga jerin mata biyar da ke takarar Oscar, 'yar Kolombiya ta farko da ta kai nan, ko da yake Hilary Swank ce ta ɗauka. Fim ɗin kansa ya ci kyautar zaɓin 'yan kallo a bikin fina-finai na Sundance a Amurka.

Abin da ta iya shi ne shiru. A ɗakin kwastan fuskarta ba ta motsi, amma kana ganin lissafin da take yi a ido. Ita kuwa Yenny Paola Vega, wadda ta fito a Blanca, ba a cika yabonta ba, alhali ta yi aikin da ya fi wuya: ta zama ƙawar nan mai naci da mita da kowa ke jin haushi, wadda kuma idan ka duba sau da yawa ita ce mai gaskiya.

13. A Kolombiya aka ɗauke shi?

Mafi yawan fagagen "Kolombiya" a Ekwado aka ɗauke su, a wani gari da ake kira Amaguaña kusa da Kito, saboda rashin tsaron da ake fama da shi a Kolombiya a farkon shekarun 2000. Sauran a New York da kewayenta. Kolombiya ta so ta tura shi takarar Oscar ta fina-finan harsunan waje, aka ƙi karɓa, aka ce hannun 'yan ƙasar bai yi yawa a aikin ba. Ga shi kuma da Sifaniyanci, ba a yi masa kallon fim ɗin Amurka sosai. Shi ma ya zama baƙo a ko'ina.

14. Shin fim ɗin bai wanke masu safarar ƙwaya ba?

Ban ga alama ba. Wanda ya ga bahon nan ba zai fita yana sha'awar sana'ar ba. Kuma ba a nuna María a matsayin wadda aka yaudara ba. An gaya mata ko menene, an gaya mata ana kamawa, ta ji kuɗin, ta ce to. Tana yin ƙarya cikin sauƙi, ta jefa ɗan cikinta a hatsari, ta ci amanar matar da ta ba ta masauki.

Inda za a iya kama fim ɗin shi ne, bai taɓa nuna inda kayan ke ƙarewa ba. Ba ka ga ko mutum ɗaya da hiroyin ɗin ta kassara ba, alhali ƙulli 62 na nufin dubban allurai a jijiyoyin 'ya'yan wasu. Marston ya zaɓi ya tsaya a kan abin da María ke gani kaɗai, ita kuwa ba ta taɓa tambaya ba. Na fahimci zaɓin, amma gurbin yana nan.

15. Me ya haɗa mu da labarin Kolombiya?

Wanda ke sauraron labarai ya san amsar. Hukumar yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi ta Najeriya, NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ba ta daɗewa ba ta sanar da kama wani a filin jirgin Legas ko Abuja ko Kano ba, a tsare shi kwanaki har ya fitar da ƙulli kaza. Tun a 1985 gwamnatin soja ta harbe mutum uku a Legas kan safarar ƙwaya. Saudiyya na yanke hukuncin kisa a kan wannan laifi, kuma a Afrilun 2019 ta zartar da shi a kan wata 'yar Najeriya. Hodar iblis ɗin da ke bi ta Afirka ta Yamma zuwa Turai daga can Kudancin Amurka take tasowa. A 2009 an tsinci ƙonannen jirgi ƙirar Boeing 727 a hamadar arewacin Mali, wanda aka yi imanin ita ya yi dako.

A labarai adadi kawai muke ji da hoton mutum riƙe da allo. Fim ɗin yana nuna maka makonni biyun da suka gabaci wannan hoton, da irin muryar da ake amfani da ita wajen tayin. Franklin bai zo da fuskar mugu ba. Ya iya rawa, yana da babur, kuma shi ne mutum na farko a fim ɗin da ya tambayi María abin da take so.

16. Za a iya kallonsa da iyali?

Da yara, a'a. A Amurka ma an sa shi a rukunin na manya. Babu tsiraici, amma akwai sumbata tun a farko, akwai ashar, akwai fagagen banɗaki da na jini. Ga matashi ko budurwar da ta kai shekarun María kuwa, ni zan zaunar da su mu kalla tare. A nemi mai rubutun fassara a ƙasa, a bar muryoyin asali. Mutanen tsaunukan Bogota suna da wata al'ada ta kiran ko da ƙawa ko saurayi da lafazin girmamawa, usted, kamar a ce kana ce wa abokin wasanka "ku". Wannan ɗan nisan da ke cikin maganarsu yana ɓacewa idan aka ɗora wata murya.

17. Ƙarshen fa? Ta koma gida ko ta zauna?

Sun je filin jirgi da tikitinsu. Blanca ta wuce. María ta tsaya a layi, a hannunta akwai hoton sikanin ɗin da aka yi mata a wani ƙaramin asibiti a Queens, da katin ranar komawa awo. Ta kira sunan Blanca, suka kalli juna, ta juya ta fita. A bangon da take wucewa akwai allon tallar kamfanin Intel da ke cewa abin da ke ciki shi ne abin dubawa.

Mutane da yawa suna fita daga fim ɗin da murmushi, ni kuwa a nan muka raba hanya da Marston. Kafin wannan fage ya sa Carla ta ba da labarin ranar da ta fara aika kuɗi gida daga albashinta, da yadda ba za ta iya tunanin renon ɗanta a Kolombiya ba. Jawabin yana taɓa zuciya, kuma dubban mata za su ce haka ne. Amma idan Ba'amurke ya rubuta fim, ya sa mafitar 'yar Kolombiya ta zama zama a Amurka, dole a ɗaga gira, kuma wasu 'yan ƙasar sun ɗaga. Yarinyar nan shekararta 17, bizarta ta 'yan kwanaki ce, ba ta jin harshen, mace ɗaya da ta sani a birnin ta kore ta, kuɗinta ya ragu. Aikin da ke jiran irinta ɗinki ne ko goge-goge a ɓoye, ƙarƙashin wani ogan da shi ma zai ƙirga mata mintocin zagayawa. Javier kuma har yanzu ya san hanyar gidan kakarta.

Wata da muka kalla tare ta ce mini na cika baƙin rai, ai yarinyar a karon farko ta yanke shawarar da ba don gudun wani ta yanke ba. Na ce mata na ji, amma ta gaya mini inda María za ta kwana a daren. Ta ce wurin Don Fernando za ta koma, ai layin ofishinsa ba ya ƙarewa.